Digirin Kasuwanci: Riba Ce Ko Faɗuwa Ga Iyaye Da 'Ya'yansu?

 A wannan mako za mu tsaya ne a kan wani al'amari da ya shafi kusan kowane gida mai ɗa ko 'ya da suka gama sakandare, wato karatun digiri a fannin kasuwanci.

Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne, kwanakin baya bayan an tashi daga sujada, wani dattijo manomi ya tsayar da mu a bakin ƙofa, ya zaro wata takarda da ya naɗe cikin leda, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Yaro ya ce an ɗauke shi a jami'a, wai zai karanta kasuwanci. To ni tambayata ɗaya ce. Kasuwancin da uwarsa ta shekara ashirin tana yi ba ta taɓa shiga aji ba, shi ne sai na sayar da masarar bana da bijimin huɗa kafin ya koya?" Muka ce, "Baba, a ba mu lokaci mu yi tunani." Ba mu so mu amsa masa da garaje ba, domin abin da yake shirin sayarwa shi ne abincin gidansa na shekara da kuma ƙarfin gonarsa. Amsar da muka kai masa daga baya ita ce muke so mu baje a nan, don mun tabbata ba shi kaɗai ne yake da wannan tambaya ba.

Inda sha'awar ta samo asali

Ba banza ba iyayenmu suke ganin girman wannan karatu. Tun zamanin Turawa, aikin akawu da na ma'aji suna cikin ayyukan da suka fara fitar da ɗan talaka daga gona suka zaunar da shi a ofis. Makarantar Kongo da ke Zariya ta soma ne a ƙarshen shekarun 1940 a matsayin wurin horar da akawuna, daga baya ta zama cibiyar koyar da aikin mulki da lissafin kuɗi, aka kuma haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A wannan shekara jami'o'i biyar ne kacal a duk faɗin Nijeriya. Wanda ya fito daga Kongo da takardarsa aiki ne yake jiransa, wani lokaci har da gida da bashin mota.

Wuraren aikin ma ga su nan birjik. A Kaduna masaƙa ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta cika maƙil da ma'aikata, ga kuma kamfanin haɗa motoci na Peugeot da aka buɗe a 1975. A Kano ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa. A Jos ga kamfanonin kuza. Ga Bankin Arewa da rassansa a garuruwa, ga hukumomin sayen gyaɗa da auduga. Kowannensu yana bukatar akanta, da mai kula da sito, da jami'in saye da sayarwa, da manaja. Abin da iyayenmu suka gani da idonsu ke nan, shi ne kuma bai fita daga ransu ba har yau.

Me ake koyarwa?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da yaro zai je ya koyo. Fannin yana da rassa da yawa: akwai aikin akanta, akwai gudanar da harkokin kasuwanci, akwai harkar banki da kuɗi, akwai tallata kaya, akwai inshora. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB shekara huɗu zai yi, wanda kuwa ya shiga da difloma ko makamanciyarta yakan fara daga aji na biyu. Ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. A nan muke jan kunnen yaran da suke zaɓar wannan fanni don gudun lissafi: sun gudu ba su tsira ba. Tun daga shekarar farko za su haɗu da lissafi, da ƙididdiga, da ilimin tattalin arziki, da ƙa'idojin rubuta shiga da fitar kuɗi. Daga nan a shiga dokokin ciniki da na kamfanoni, da haraji, da binciken kuɗi, da yadda ake gano abin da aka kashe wajen yin kaya, da yadda ake tafiyar da ma'aikata. A shekarar ƙarshe kuma ɗalibi ya rubuta kundin bincikensa.

Tushen duk wannan ƙa'ida ce guda mai sauƙi, wato kowace naira da ta motsa a rubuta ta sau biyu, a nuna inda ta fito, a kuma nuna inda ta shiga. In an tara ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, to ko dai an yi kuskure ko kuma an yi sata. Wani malamin addini ɗan ƙasar Italiya, Luka Pachiyoli, shi ne ya fara buga bayanin wannan hanya a littafi, a birnin Venis a shekarar 1494, kuma har yanzu a kanta bankuna da kamfanonin duniya suke tafiya.

Don mai karatu ya ga amfanin abin, bari mu buga misali. A ce mace ta saro buhun shinkafa a kan naira 40,000, ta auna shi mudu mudu ta tara naira 45,000. A ganinta ta ci ribar 5,000, sai ta cire ta yi cefane. Da ta koma wurin sari sai ta tarar buhu ya koma 48,000. To ina ribar take? Ko da ba ta taɓa ko kwabo ba, kuɗinta ba za su sake sayen buhun ba, balle kuma ta cire na mota da na lebura da na 'yan haraji. Uwar kuɗi take ci, tana tsammani riba ce. Haka shaguna da yawa suka kwashe a 'yan shekarun nan, mai shago yana ganin ciniki kullum amma kanta sai ƙara zama fili take yi. Wanda ya yi karatun nan da gaske zai hango wannan rami tun kafin a faɗa cikinsa. Saboda haka kashi na farko na amsarmu ga dattijon nan shi ne, i, akwai abin koyo wanda kasuwa kaɗai ba ta cika koyar da shi ba sai bayan mutum ya sha wuya.

Kasuwar aiki ta canja

To amma fa karatu daban, samun aiki daban. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antunmu suka fara tangaɗi. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga atamfofin waje da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. Masaƙar farko ta Kaduna ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. A wannan shekara ta 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone. Wanda ya zaga Kakuri ko Sharaɗa zai ga gine-gine da yawa da ciyawa ta cinye harabarsu.

Bankuna ma sun canja kama. A 2004 Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya ce kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, Bankin Arewa ma ya narke cikin wani sabon banki. A watan Maris na 2024 aka sake ɗaga jarin, aka ce bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje ya mallaki naira biliyan 500, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. Wani lokaci idan bankuna suka haɗe, akan rage rassa da kujeru. Bugu da ƙari, aikin da akawu goma suke yi a da, yanzu kwamfuta ɗaya da wayar hannu sun ɗauke shi. Da yawa daga cikin matasan da muke gani a bayan kanta a banki ma'aikatan kwantaragi ne, ba su da tabbacin gobe, an kuma ɗora musu nauyin nemo masu ajiya ko a sallame su.

Ana cikin haka masu neman aikin sai ƙaruwa suke yi. Jami'o'in da suke biyar a 1962 sun haura 250, kuma da wuya ka sami wadda ba ta koyar da aikin akanta ko gudanar da kasuwanci, domin fanni ne da ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko injuna masu tsada. Allo da kujeru da malami sun isa a buɗe sashe. Haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da suke yaye masu babbar difloma a fannin. A 2025 yara wajen miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB. A watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantu nata har shekara bakwai. Ma'anar wannan duka ita ce, kwalin digiri kaɗai ba ya bambanta ɗanka da dubban da suke riƙe da irinsa. Mun san matasa da alawus ɗin bautar ƙasa, wanda aka kai naira 77,000 a 2025, ya fi abin da suka samu a aikin farko da suka kama bayan sun gama.

Nawa za a kashe?

A rubuce dai ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, amma iyaye sun san cewa akwai kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na wannan da na wancan. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, ciki har da na Jos da Kano da Maiduguri, suka ƙara waɗannan kuɗaɗe, wasu ninki biyu, wasu fiye da haka. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya ta kusa kashi 35 cikin ɗari. Duk wannan a kan ɗalibi yake ƙarewa, a kuɗin mota, da kwanon abinci, da hayar ɗaki, da kuɗin littafi.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a rasit, wato ta lokaci. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Yaran da suka shiga da niyyar shekara huɗu sai da suka yi biyar, wasu shida, ana biyan hayar ɗakin da babu kowa a ciki. Uban da zai yi lissafi, to ya sa wannan a cikin lissafinsa.

Bashin karatu

A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan gyararriyar dokar ba ɗalibai bashi, asusun NELFUND ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu. Yadda aka tsara abin shi ne, asusun zai biya makaranta kuɗinta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa. Ana fara biya shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Ɗaliban makarantun gwamnati ne abin ya shafa.

Tunda kasuwanci muke magana, bari mu yi wa wannan bashi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce yaro ya karɓi kuɗin ɗawainiya wata tara a shekara har shekara huɗu. Ya ci naira 720,000 ke nan, ban da kuɗin makaranta. A ce kuma ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Za a riƙa cire masa 7,000 a wata, wato sai ya shekara takwas da ɗoriya kafin ya gama biyan wannan kashi kaɗai. Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren kuwa, tunda babu ruwa, kuma darajar naira tana zaizayewa, abin da zai biya nan gaba bai kai nauyin abin da ya karɓa ba. In aka gwada shi da bashin mai ba da kuɗi da ruwa a ƙauye, ko da sayar da gona da bijimi, to wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu dai abin da muke cewa shi ne, a ci daidai bukata, kuma a ci da niyyar biya, domin abin da aka mayar shi ne zai kai ga na baya.

Inda amfanin yake

To idan ofis ya yi ƙaranci, ina wannan ilimi zai yi aiki? Amsar tana ƙofar gidanmu. Dubi kasuwar hatsi ta Dawanau da Kantin Kwari a Kano, da kasuwar shanu ta Potiskum, da cittar Kachiya da Kafanchan, da dankalin Bokkos da Mangu, da albasar Aliero, da doyar Zaki Biam. Dukiya mai yawa tana juyawa a waɗannan wurare, amma galibi a ka ake riƙe lissafinta. Mai gida ya rasu, 'ya'ya su rasa sanin wanda ake bi da wanda yake bin su, kasuwanci ya bi mai shi kabari. Manomi ya je banki neman rance, a ce ya kawo littafin cinikinsa, ya rasa abin nunawa. Da cutar citta ta afka wa kudancin Kaduna a 2023, manoma da yawa sun tashi a tutar babu, kuma kaɗan ne suka taɓa jin cewa ana yi wa gona inshora. Ƙungiyoyin gama kai nawa ne suka watse don babu wanda ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita?

Dokokin ƙasa ma suna tura mu wajen rubutu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tilo damar yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista. Tun daga dokar kuɗi ta 2019 aka ɗauke wa kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba harajin riba, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025, aka tsayar da Janairu 2026 don fara aiki da su, sun ɗaga wannan iyaka. Amma da me za ka nuna cewa kai ƙarami ne in ba ka da littafi? Haka kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki ta waya da na'urar POS ya shiga har kasuwannin ƙauye. Duk waɗannan ƙofofi ne ga matashin da ya iya lissafi, ya iya kwamfuta, kuma bai ɗauki zaman rumfa abin kunya ba.

A nan ne muke ganin laifin tsarin karatun. Tun wajen 2007 aka wajabta wa ɗaliban jami'a darasin dogaro da kai, amma a wurare da yawa a takarda ya tsaya, ɗalibi ya haddace ya rubuta jarrabawa ya manta. Yaro zai iya gama shekara huɗu yana karanta labarin kamfanonin Amurka da Ingila, bai taɓa zama wata ɗaya a shago ya ga yadda ake sari ba. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da jami'o'i ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara abin da ya dace da yankinta. Muna kira ga jami'o'inmu na Arewa su cika wannan gurbi da Dawanau da Potiskum da Kachiya. Mu dubi 'yan'uwanmu Ibo, yadda yaro yake shekaru a shagon ubangidansa har a sallame shi da jari. Mu ma muna da irin wannan tun zamanin fatake. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai shiga jami'a ba, amma jikan ɗansa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, ya karanta kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Masar sannan ya dawo ya shiga kasuwa. In an haɗa aji da rumfa, to an yi kyau an ƙara da wanka.

Ga mai son aikin akanta kuwa, ya sani digiri rabin tafiya ne. Manyan wurare suna neman wanda ya ci jarrabawar ƙungiyar ƙwararru, ko ta ICAN da aka kafa a 1965, ko ta ANAN wadda ta sami amincewar doka a 1993, wadda kuma kwalejinta take a Kwall kusa da Jos. ICAN tana da matakin ƙananan akantoci wanda ɗalibi zai iya farawa tun yana makaranta. Wanda kuma yake aiki ko yake tsaron shago, akwai buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa mai cibiyoyi a jihohi, inda zai yi karatu ba tare da ya bar sana'arsa ba.

Maganar amana

Akwai abu ɗaya da ba za mu tsallake ba. Wannan ilimi wuƙa ce, tana yanka nama tana kuma yanka hannu. Wanda ya iya daidaita littafi ya iya ɓoye ɓarna a cikinsa. Duk wata satar dukiyar jama'a da muke ji, sai da wani mai ilimin lissafi ya sa hannu a takarda kafin kuɗin su fita. A 2022 hukumar EFCC ta kama babban akanta na ƙasa da kansa bisa zargin salwantar biliyoyin naira. Zargi ne, hukunci na kotu ne, amma abin ya isa ya sa mu tunani a kan irin tarbiyyar da muke haɗawa da karatu.

Haka kuma abin takaici ne a ga masu digiri a sahun gaba wajen faɗawa tarkon 'yan damfara. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ɓace a Afrilu 2025. Ɗan aji ɗaya a sashen kasuwanci ya kamata ya yi tambaya: wace sana'a ce take haifar da wannan riba? In babu amsa, to kuɗin na baya ake ba na gaba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba ya tambayar takardar makaranta.

Mu ma kada mu tsame kanmu. Majami'u da masallatai da ƙungiyoyin gari nawa ne rigima ta raba kansu a kan kuɗin gini ko na baiko ko na adashi? Sau da yawa ba sata aka yi ba, rashin rubutu ne ya haifi zato, zato kuma ya haifi gaba. Ga yaranmu suna karanta aikin akanta, suna dawowa hutu suna zaman banza. Me zai hana a haɗa su da ma'aji su gyara littafi, su koyar da zumuntar mata yadda ake rubuta adashi? Su sun sami gogewa, jama'a sun sami kwanciyar rai.

Shawararmu

Ga iyaye, muna cewa ku zauna da yaro ku tambaye shi dalilinsa. In amsarsa ita ce yana so ya sa kwat ya zauna a banki, ko kuwa fannin da aka ba shi ke nan don bai sami wanda yake so ba, to a sake tunani. In kuwa kun ga yana da kan lissafi, yana da sha'awar saye da sayarwa, kuma kun shaide shi da riƙon amana, to ku taimaka masa iyakar ƙarfinku. Amma kada a sayar da abin da yake kawo abinci don a biya kuɗin shekara ɗaya, alhali akwai sauran uku a gaba. Kada kuma a ce wannan karatu na maza ne kaɗai. A kasuwanninmu da yawa mata ne suke riƙe da ciniki, 'ya mace da ta iya lissafi kuwa ta tsare gida biyu.

Ga ɗalibai, ku sani ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku jira sai kun gama bautar ƙasa sannan ku fara tambayar abin yi. Ku koyi aikin lissafi da kwamfuta tun daga ajin farko. Ku yi hutunku a shago ko a sito ko a ƙungiyar manoma, ko da babu biya. Ku fara jarrabawar ƙwararru da wuri. Ku guji sayen maki da satar amsa, domin ranar da aka ajiye muku littafin kamfani a gaba, ba wanda zai rubuta muku.

Ga gwamnati da malaman jami'a, muna roƙo a riƙa cika alkawarin da aka ƙulla, a kuma riƙa sasantawa tun kafin a kai ga rufe makarantu, domin ɗan talaka ne yake biyan farashin kowane yajin aiki. A tabbatar bashin karatu ya kai ga yaran ƙauye waɗanda ba su da intanet a kusa, a kuma sa ido a kan yadda makarantu suke karɓar kuɗin. Sama da duka a gyara wuta da hanya da tsaro, don babu amfanin yaye manajoji a ƙasar da masana'antu suke rufewa.

Dattijon nan kuwa, da muka koma wurinsa, abin da muka ce masa shi ne, "Baba, a bar bijimi a turkensa. A sayar da wani kashi na masara, yaro ya nemi bashin gwamnati na kuɗin makaranta kawai. Sharaɗin kuma shi ne, duk hutun da ya zo, shi zai riƙe littafin cinikin mahaifiyarsa, ya nuna muku a rubuce ko riba take ci ko uwar kuɗi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, in ya iya wannan a hutun farko, na san kuɗina ba su faɗi ba." Mun ga ya fi mu iya taƙaita maganar.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da zuciya mai riƙon amana, ya kuma ba iyaye ikon ɗaukar nauyinsu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.